Ta Ƙofar Baya

Shekara huɗu ina shiga ta ƙofar gaba,
gidan abincin Hajiya Gambo, hanyar Ƙofar Ƙwaya.
Tayil na sheƙi, fanka na wasa da labule,
yaro ya goge tebur sau biyu kafin in zauna.
Shinkafa da miya, cinyar kaza, ruwa mai sanyi.
In suɗe yatsa, in ce Allah ya ƙara kasuwa.

Ran Talata firjinsu ya ƙi sanyi,
aka ce a nemo ni, ni ne mai gyara.
"Zagayo ta lungu, Malam, ta nan ake bi da kaya."
Na zagaya.

Wari ya riga kowa yi mini maraba.
Kwata ta toshe, ta yi baƙi, tana kumfa,
buhun albasa na jingine a bakinta kamar mai jiran mota.
Ƙudaje sun kafa kasuwa a kan tiren nama,
irin kasuwar da ba ta tashi.

Na buɗe firji. Kwanansa uku da mutuwa,
kajin ciki sun fara kore.
Ila mai girki ya shinshina ɗaya, ya taɓe baki:
"Yaji da kori za su rufa mata asiri."
Ya share gumi da tsumman kafaɗarsa,
da shi ya goge wuƙa,
da shi ya goge cokulan da ake naɗewa a farar takarda.
Man suya ya yi baƙi kamar na injin niƙa.
Na tambayi shekarunsa, aka yi dariya.

Can gefe Tasalla ta duƙa a kan baho biyu.
Ruwan tun na hantsi ne, ya yi kauri kamar kunu,
faranti ya shiga da maiƙonsa, ya fito da na wani.
Na ce, "Baiwar Allah, ba a sauyawa?"
Ta ce, "Jarka shida ake sayo mini a wuni,
ta bakwai daga kuɗin aikina ake cirewa.
Kai ka sauya."
Tsakanin yatsunta duk ya tsage,
ta ɗaure babban da tsinken leda.
Ban ƙara magana ba.

"Duba-gari fa?" Ila na tambaya, a hankali.
"Suna zuwa mana. Ta gaba, kamar kowa."

Da na ja firjin na ga abin da ya kashe shi:
ɓera ne ya ci waya, ya bushe a wurin,
haƙoransa a waje, kamar shi ma dariyar yake.
Na ɗaure waya, na sa gas, injin ya yi gyaran murya.
Kajin nan dai aka mayar ciki.

Hajiya ta biya ni, ba ta rage ko sisi ba,
ta ce a zuba mini a roba, nama biyu, in kai wa yara.
Mutuniyar kirki ce. Rabonta da lungun nan
tun ranar da aka kafa murhu.

Na rataya leda a kan babur, na kama hanyar Rafindaɗi.
Wajen Ƙofar Soro na tuna watan jiya:
Rumasa'u kwana uku a gadon asibiti,
ana ƙara mata ruwa, idonta ya faɗa.
Muka ce mangwaro ne ɗanye.
Muka zagi rijiyar maƙwabta.
Daren nan ma da irin wannan leda na shiga gida.

Zubar da abinci zunubi ne, haka aka koya mana.
Ba wanda ya koya mini yadda ake yi da wannan.

Na kashe babur a ƙofar gida.
Ta ji ni, ta taho da gudu, takalmi ƙafa ɗaya,
hannu biyu a miƙe:
"Baba, na Hajiya Gambo ne?"